Gwanin da Ya Iya Sa Masoyi Ya Makara

A ce an miƙa maka kyamara, an ce ka fita bayan garin Birnin Ƙonni ka ɗauko abu ɗaya tak: mahayin doki ya ɓullo daga gabas, ya ratsa gindin gawo, ya wuce. Daƙiƙa goma ke nan. Sharaɗi ɗaya ne, duk wanda ya kalla ya yarda cewa a zamanin kakannin kakanninsa abin ya faru, tun Nasara bai taka ƙasar ba.

Sai rana ta faɗi ba ka samu ba. Ka fuskanci gabas, turakun lantarki sun jeru. Ka juya yamma, ƙarfen kamfanin waya ya tokare sama. Ka sunkuyar da kyamara, ga sawun tayar kabu-kabu a kan rairayi, ga baƙar leda maƙale a jikin kowace ƙaya. Ka matsa can gaba inda babu gida ko ɗaya, sai ka tarar dogon yaro ya yi layi, shi kuwa baƙo ne, a ƙarni na 20 aka shigo da irinsa daga wajen Indiya, mahayin zamanin da bai taɓa shan inuwarsa ba. In ka dace da fili mai tsabta, saura kunne. Injin niƙa na kuka daga ƙauyen da ba ka ma hango ba, tirela na gurnani a kan kwaltar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi, wayar wani ɗan kallo ta ɗauki kiɗa. Sannan ka dubi mahayin da kansa: takalmin roba ne a cikin likkafa, rigarsa shadda ce mai aikin keke, igiyar da ya ɗaure sirdi ta nailan ce, ko ya tuɓe agogo kuma shaidarsa na nan a wuyan hannu. Shi kansa gawon sai an yi hattara da shi. In labarinka na damina ne, ka nuna shi lulluɓe da ganye, manomin Tsarnawa zai yi maka dariya, don ya san gawo da damina yake kaɗe ganyensa, da rani yake tofo.

Masu shirya finafinan zamanin da, wannan shi ne abincinsu na kullum. Rabin aikinsu kawarwa ne, su share duk alamar yau daga gaban kyamara. Ɗaya rabin kuma dawo da abin da ya ɓace, a sa shi ya yi kama da abin da ake amfani da shi yau da gobe. Nan ne sababbin hannu suka fi tuntuɓe. Za su sa a ɗinka wa bawan sarki riga fil, ta fito daga hannun tela da karin guga, alhali mutumin da labari ya ce ya kwana bakwai a kan hanya bai kamata rigarsa ta san ruwa ba. Gwanin kaya zai karɓi rigar nan ta saƙi ya jiƙa ta a ruwan shayi ko na bagaruwa, ya shanya ta a rana kwana da kwanaki, ya goge wuyanta da kafaɗunta da dutse har zare ya fara tashi, ya shafa mata ɗan mai inda zufa take zama, ya tumurmusa ta a jar ƙasa. In wurin da aka ɗauka jiya za a ci gaba da shi jibi, dole tabon da ke hagu ya tsaya a hagu. Akwai wanda aikinsa ke nan kawai, ya riƙe littafi yana rubuta yadda aka naɗa rawani da hannun da aka riƙe mashi.

Inda akwai kuɗi, da kuɗi ake sayen wannan wahala. A 1944 kamfanin Paramount na Amurka ya fito da wani fim mai suna Frenchman's Creek, wanda aka ɗauko daga littafin da marubuciyar Ingila Daphne du Maurier ta wallafa a 1941. Labarin ƙarni na 17 ne, zamanin Sarki Charles na Biyu. Wata matar basarake mai suna Dona ta gaji da zaman Landan da shashancin mijinta, ta kwashi 'ya'yanta biyu ta koma gidansu na bakin teku a yankin Cornwall. Can ta gano cewa wani ɗan fashin teku Bafaranshe yana ɓoye jirginsa a wata ƙorama da ke bayan gidan. Maimakon ta kai ƙara, sai zuciyarta ta tafi gare shi, har ta yi shigar maza ta bi shi fashi. Da aka kama shi za a rataye, ita ta ƙulla dabarar da ya kuɓuta. Ga jirgi a tsaye, ga hanya a buɗe, ta dubi 'ya'yanta ta zauna, shi ya ɗaga filafilai ya tafi. Joan Fontaine ce ta fito a Dona, ɗan Meziko Arturo de Córdova ya fito a ɗan fashin.

Daraktan fim ɗin, Mitchell Leisen, ta ƙofar sutura ya shiga silima. Tun zamanin finafinan da ba su da magana yake zana wa 'yan wasan Cecil B. DeMille da Douglas Fairbanks kaya, kuma ana ganin hannun mai zanen tufa a kowace kusurwa ta fim ɗin: hulunan gashi, rigunan leshi, fitilun kyandir, jirgin ruwa na katako. Ba su ma je Ingila ba, ana tsakiyar yaƙin duniya. A gaɓar tekun arewacin Kaliforniya suka tayar da Cornwall ɗinsu, suka kashe dukiya mai yawa, fim ɗin kuma ya ci lambar Oscar ta tsara wuri da ƙawata shi. Masu kallon finafinan Indiya a Ƙonni da Sakkwato sun san irin wannan ciniki tun tuni. Mughal-e-Azam na 1960, labarin yarima Salim da baiwa Anarkali, da abu biyu ya kama mutane: fadar da ido bai taɓa gani ba, da masoya biyu da aka raba.

Ƙasarmu ba ta da teku, kuma silimar Nijar ba ta taɓa ganin irin kuɗin Paramount ba. Amma jihar Tawa ta zauna shekara da shekaru da mutumin da ya iya wannan sana'a tun daga tushenta, kuma a ganina ya fi su Leisen sanin inda ciwon labari yake. Moustapha Alassane ke nan. In ka tashi daga Ƙonni ka karya a Tsarnawa ka bi ta Badagishiri, garin da kwalta za ta sauke ka, wato Tawa, nan ya yi zamansa na ƙarshe, yana riƙe da otal, ya mai da wasu ɗakunan wurin aikin fim.

An haife shi a 1942, kuma kanikanci ya fara koya. Tun yana yaro yake yanka kwali yana yin mutane da dabbobi, ya kunna fitila a bayansu, ya tara yara suna kallon inuwa tana motsi a jikin ƙyalle. Bai jira wani ya ba shi na'ura ba. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya daɗe yana ɗaukar finafinai a bakin Kwara, daga nan hanya ta buɗe masa har Kanada, inda ya ga aikin Norman McLaren, gwanin zanen da ke motsi. A 1962 ya yi Aouré, kan aure a ƙasar Zabarmawa, da kuma La Bague du roi Koda, tatsuniyar azzalumin sarkin da ya ba masunci zobe ajiya, ya bi ta bayan fage ya sace shi ya jefa kogi don ya sami dalilin sare kansa, zoben kuma ya dawo a cikin kifi. Tun daga nan ana iya ganin inda hankalinsa ya karkata: labaran da tsofaffi ke bayarwa da dare, ya mai da su abin gani da rana. Daga baya ya shugabanci sashen silima na Jami'ar Yamai shekaru masu yawa.

Sai an tuna da irin kayan aikin lokacin kafin a san girman abin da su Alassane da takwaransa Oumarou Ganda suka yi. Yaron yau yana ɗauka da waya, ya duba nan take, in bai yi ba ya goge ya sake. Su kuwa da zaren fim suke aiki, mai cin hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Naɗi guda na ƙaramin zare mai faɗin milimita 16, in mai ƙafa 400 ne, minti 11 kawai yake ɗauka, kuma da tsada ake sayo shi daga Turai. Zafi na lalata shi, ƙura na karce shi. In an gama ɗauka sai a rufe gwangwani a aika Turai a wanko. Darakta zai yi makonni bai ga abin da ya ɗauka ba. In ashe wani mai keke ya gifta can nesa a bayan sarki, sai bayan taro ya watse, an mai da dawakin aro, sannan zai sani. Saboda haka dole ya gama kallon fim ɗinsa a cikin kansa kafin ya danna na'ura. Hannun bakanike ya yi masa rana a nan, don mutumin da ya saba kwance inji ya mayar ba ya barin ƙusa a ƙasa.

Aikin da ya fi nuna gwanintarsa a fagen soyayyar da ba ta kai gaci ba shi ne Toula ou le génie des eaux, na 1973, wanda ya shirya tare da wata Bajamushiya, Anna Soehring. Tushen labarin tatsuniya ce ta yammacin Nijar, wadda Boubou Hama, marubuci kuma shugaban majalisar dokokin ƙasar a lokacin, ya rubuta. Cikin 'yan wasan akwai Sotigui Kouyaté, wanda daga baya sunansa ya kai Turai. Fari ya sauka a wata masarauta, rijiyoyi sun ƙafe, dabbobi na faɗuwa. Sarki ya kira boka. Boka ya duba ya ce aljanin ruwa ya yi fushi, ba abin da zai huce da shi sai an ba shi budurwa. Wadda abin ya faɗa kanta ita ce Tula, ɗiyar 'yar'uwar sarki. Saurayin da ke sonta bai yarda ba. Ya ce in ruwa ake nema, shi zai tafi ya nemo. Ya shiga daji, ya sha wuya, kuma ya samo. Ya juyo da albishir a bakinsa, ya iso gari ya tarar an riga an kai ta, tafki ya haɗiye ta.

Labarin ke nan gaba ɗaya, yaro ma zai iya maimaita shi. Gwanintar tana cikin makarar. Mai kallo ya san inda za a ƙare tun da boka ya buɗe baki, wasu ma sun ji tatsuniyar tun suna goye. Aikin darakta shi ne ya sa mutumin da ya san ƙarshe ya zauna yana fatan ƙarshen ya sāke. Kuma makara iri-iri ce. In saurayin ya makara da shekara guda, ba wanda zai ji zafi, an riga an yi makoki an share hawaye. In ya makara don ya tsaya barci ko ya ɓata hanya da wauta, haushinsa za a ji, a ce Allah ya ƙara. In kuma ya dawo hannu wofi, to boka ya yi gaskiya, sai a ce ƙaddara ce a tashi. Makarar da ke kwana a zuciyar mutum ita ce ta wanda ya yi duk abin da ya kamata, ya sami abin da ya fita nema, tazarar da ta raba shi da nasara kuma ba ta fi tafiyar wuni ba. Ruwan yana nan. Da an jira shi kaɗan, da ba a taɓa yarinyar ba.

Irin wannan labari a kan ƙafa biyu yake tafiya, kuma a teburin yanka da haɗa fim ake koya masa tafiyar. Ƙafa ɗaya tana daji tare da mai neman ruwa, ɗaya tana gari inda ake shirin kai yarinya. Mai haɗawa zai nuna maka wannan, ya yanke ya nuna maka wancan, kuma kowane komawa sai ya rage tsawonsa kaɗan, har numfashin mai kallo ya bi sahu ba tare da ya lura ba. In ya daɗe a daji, an manta da yarinya. In ya daɗe a gari, an fid da rai da saurayi, da an fid da rai kuwa fim ya mutu. A zamanin zare da almakashi ake wannan lissafi, a ɗaga zaren a hasken fitila ana ƙirga hotuna ɗaya-ɗaya, a cire shida a nan, a ƙara goma a can. Kamar mai tuƙin tuwo ne, gari ɗaya ruwa ɗaya, amma hannu ke raba mai gudaji da mai laushi.

Akwai wata dabara kuma da ta fi wannan wuya, wato hana mai kallo samun wanda zai tsana. Labarin da aka ɗora wa mugu ɗaya yana da sauƙin haɗiya: a kashe mugun, kowa ya tafi gida. A labarin Tula sarki kawunta ne, jininsa zai bayar, kuma bayansa akwai gari guda da ƙishirwa ke kashewa. In ya hana, ya zaɓi gidansa a kan talakawansa. In ya bayar, ya ci amanar 'yar'uwarsa. Duk wanda ya san nauyin kawu a kan ɗan 'yar'uwa a ƙasashen nan ya san babu mafita mai daɗi. Haka Dona ta Cornwall, ba wanda ya ɗaure ta, 'ya'yanta ne suka tsaya tsakaninta da jirgi. Bambancin shi ne ita ta rasa masoyi ta koma gidan dutse mai barori, ita kuwa Tula ranta aka nema.

Sannan a dubi shekarar da aka yi Toula. A 1973 farin da ya fara tun ƙarshen shekarun 1960 ya kai maƙura a Sahel. Garken makiyaya sun ƙare, mutanen arewa sun gangaro kudu suna neman abin sawa a baka, kuma a watan Afrilun 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, batun yunwa da rabon taimako na cikin dalilan da suka bayar. Wanda ya kalli Toula a lokacin bai ɗauke shi labarin mutanen da ba. An sa wa 'yan wasa kayan kakanni, amma ƙasar da ke bayansu busasshiyar ƙasar ranar ce, ba sai an yi mata kwalliya ba. Mutumin Ƙonni kuwa ba ya bukatar a yi masa bayanin nauyin maganar boka a shekarar fari. Ga Masallata nan kusa da gari, inda azna suke taruwa shekara-shekara su duba abin da damina za ta zo da shi, ga kuma sallar roƙon ruwa da malamai ke fita da jama'a in hadari ya yi nauyin zuwa. Bayan wannan farin ne aka gina madatsun ruwa a kwarin Maggiya, irin na Mozage, aka shimfiɗa gonakin rani na Ƙonni. Hanyar saurayin nan aka bi, ta fita neman ruwa, sai dai an bi ta bayan an yi hasara.

To ina ɗan fashin? Turawa sun daɗe suna son wannan mutum a finafinansu, don shi ne wanda ba shi da sarki ba shi da haraji, yau yana nan gobe iska ta kai shi wani wuri. Matar da aka kulle a gidan miji tana ganinsa ta ga ƙofa. Namu mai kama da shi a tarihi shi ne mahari, mai dirar wa ayari ko ƙauye a kan doki ko raƙumi, kuma finafinanmu ba su taɓa yi masa wannan kwalliya ba. A Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, abin da hari da cinikin bayi suka bari shi ne uwa tana ratsa hamada tana neman ɗanta. Yau kuma, da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Sakkwato da Zamfara har abin yana tsallako iyaka, ban ga daraktan da zai tsaya a kasuwar Ƙonni ya ce zai nuna ɓarawon daji a matsayin abin so ya kwashe lafiya ba.

Alassane ya hango wannan tun 1966. A fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi: huluna, takalma, bindigogi. Ya rarraba wa abokansa, kowa ya ɗauki sunan Bature, suka sami dawaki. Da farko abin dariya ne. Kafin a ankara sun fara sata, suna dukan mutanen ƙauyensu, suna wulaƙanta dattawa, daga ƙarshe suka juya wa juna bindiga. Mutumin da ya san cewa riga na iya mai da ɗan wasa sarki, ya san kuma tana iya mai da ɗan unguwa ɗan fashi. Mace ɗaya ce a cikin gungun, Zalika Souley, wadda ta zama babbar jarumar silimar Nijar, ta fito a finafinan Oumarou Ganda irin su Le Wazzou polygame da ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1972. Ta biya kuɗin iya wasanta da tsada, don mutane da yawa sun kasa raba ta da matan da take fitowa a matsayinsu, suka riƙa zaginta a gari. Rahmatou Keïta ta ba da labarinta a fim ɗin Al'lèèssi. Zalika ta rasu a 2021.

Fashi mafi girma da Ƙonni ta gani kuwa da tuta ya zo. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa birnin, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, ta ƙone shi, makonni kaɗan bayan ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Wannan tafiya ta jini ita ce Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da fim a 1986, Sarraounia, daga littafin Abdoulaye Mamani. A Nijar aka so ɗaukarsa, abin bai yiwu ba, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta buɗe masa ƙofa, Aï Keïta ta fito a Sarauniya, fim ɗin kuma ya ci kyautar FESPACO a 1987. Aiki ne na dawaki da ɗaruruwan mutane da garuruwan da aka gina don a ƙone su. Abin da ke ba ni haushi kawai shi ne tarihin ƙasar nan ne, amma ƙasar wasu aka nuna. Alhali kayan aikin na nan. Manyan rumbunan laka na Adar suna tsaye, fadar Sarkin Adar na Illela tana da dawakinta da makaɗanta, dukawa da maƙera ba su ƙare ba. Labarai ma ba a taɓa su ba: zuwan Agabba ɗan Sarkin Agadas da kafa sarautar Adar, ko Maratta ta kusa da Galmi, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754.

Shi Alassane, da kuɗin tara mutane da dawaki suka gagara, bai zauna yana kuka ba, sai ya koma sana'arsa ta yarinta. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana. Jarumi ne ya ga gimbiya ya nemi aurenta, ta ɗora masa sharaɗi, ya cika, ta ƙara wani, ya cika, haka dai har mutuwa ce kaɗai ta haɗa su. Soyayyar da ba ta kai gaci ba ce kuma, amma wannan karon masarautar duka a kan tebur take. Shi ya ƙera mutanen, ya ɗinka masu riguna, ya gina masu birni. Yadda ake sa ɗan tsana motsi kuwa sai mai haƙuri: a ɗaga hannunsa kaɗan, a ɗauki hoto ɗaya, a ƙara ɗagawa, a sake ɗauka. Minti ɗaya na cin hoto 1,440, in an yi tattali ana ɗaukar kowane motsi sau biyu, a taɓa ɗan tsanan sau 720. In gwiwar hannunka ta bugi tebur a hoto na 500, ka koma farko. Fuskar ɗan tsana kuma ba ta motsi, saboda haka baƙin ciki sai a wuya da kafaɗa za a nuna shi, a sunkuyar da kai a hankali cikin hotuna talatin ko arba'in, a bar shi a haka daidai gwargwado. In an gaggauta, ya zama gyangyaɗi.

A Tawa ya ci gaba da wannan aiki har tsufa. Da kwamfuta ta zo bai ce ta yara ce ba, ya zauna ya koye ta yana zane da ita. Kwaɗi ne 'yan wasan da ya fi so, kamar a Bon voyage Sim na 1966, inda ya yi wa shugabannin Afirka masu son tafiye-tafiyen alfarma shaguɓe da shugaban ƙasar kwaɗi. A Kokoa kuma ya shirya wa dabbobinsa gasar kokowa, da alƙali da 'yan kallo, abin da duk ɗan jihar Tawa zai gane tun kafin a yi kaye na farko. Ya kan ɗora majigi a mota ya kai finafinai ƙauyukan da ba su da gidan silima. Faransa ta ba shi lambar girmamawa a bikin Cannes na 2007. Ya rasu ranar 17 ga Maris 2015 a Wagadugu, kuma a 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya tattara finafinansa ya nuna su a jere.